Reshen Mangwaro a Bayan Keke

Shekarar da aka gama yaƙi, wata Asabar da sassafe, wani ɗan garinmu mai aikin reluwe ya aiko da saƙon baki: jirgin sojoji zai tsaya Kafanchan da rana ya sha ruwa, kuma yayana yana ciki. Rabonmu da shi tun ina 'yar mitsitsiya. Jirgin ba zai daɗe ba, Kaduna zai wuce.

Ƙafar Baba ta kumbura, Mama ba ta iya doguwar tafiya, mota kuwa sai ranar kasuwa. A ƙafa ba za a cim ma jirgin ba. Saura ni da tsohon keken yayana, wanda ban daɗe da koyonsa ba a filin makarantar mishan, wuri shimfiɗaɗɗe kamar faifai. Tsakaninmu da hanyar Kafanchan kuwa akwai dutse, a hau shi, a gangara. Murna ta hana ni jin tsoro.

Mama ta ɗaura mini tuwon acca da kwalbar zuma a baya. Baba ya miƙo adda da igiya.

"Robar birkin nan ta cinye," in ji shi. "In kin kai bisa, ki sari reshe mai ganye ki ɗaura a baya, shi zai riƙe ki. Haka muke yi in mun ɗauko buhun citta."

Hawan dai, in faɗi gaskiya, keken ne ya hau ni. Na taka, na taka, har cinyoyina suka ce sun gaji da ni, na sauka na dinga turawa. Wasu mata masu zuwa gona suka ce, "'Yar malam, kin fito da shi shan iska ne?" Na ce yayana zan gani. Sai babbarsu ta ajiye fartanya ta sa hannu, muka tura tare har bisa.

Daga can na hango hayaƙin tasha. Na sari reshen mangwaro wanda ya kusa ya fi ni nauyi, na ɗaura, na ce Yesu ka riƙe ni, na ɗaga ƙafa.

Wayyo daɗi! Iska ta cika mini riga, ɗankwalina ya tafi abinsa. Reshen yana ja, keken yana fizga, ni a tsakiya ina ihu ina dariya. Duwatsu suna ta kaɗa mini haƙora. A wata kwana na ga rami ƙiri-ƙiri, na matse birki, ko gezau, reshen nan ne ya ja ni baya har na karkata na wuce. Awaki suka watse, ƙura ta tashi a bayana kamar an koro shanu.

Ban tuna da kwance reshen ba. Haka na shiga Kafanchan ina share musu titi, masu shaguna suna tafa hannu.

Na tarar jirgin ya riga ya yi kuka. Sojoji cike da tagogi, kaki iri ɗaya, aski iri ɗaya. Na bi tarago-tarago ina kiran sunansa, hayaniya ta haɗiye muryata. Sai gabana ya faɗi: ko yana kallona ba zai gane ni ba, ni ma ban tabbata zan gane shi ba.

Sai hannuna ya taɓa ƙararrawar keken. Tsagaggiya ce, kukanta kamar na agwagwa mai mura, duk garinmu an san ta. Na danna, na sake dannawa.

Wani dogon soja ramamme ya juyo daga ƙofar tarago. Ya dubi keken, ya dubi reshen, sannan ya dube ni. Ya diro, jirgi yana shirin motsawa.

"Auta," ya ce, hawaye na zubo masa, "wa ya ba ki kekena?"