Maigida Ya Bi Tuwonsa Maƙwabta

"Ina tuwona?" Baban Hanif ke nan, maigidana, har ya wanke hannu.

Na ce, "Yana gidan Maman Hafsa."

Maƙwabciyata ce nan Bagadaza. Dambu ta aiko min a langa, ni kuwa da wane ido zan mayar mata da langa wayam? Na duba kicin, tuwonsa kaɗai ya rage, na juye mata.

Ya saka hularsa ya bi tuwonsa, suka cinye da mijinta a ƙofar gida.

Can sai ga shi da langar, an cika ta da fura.

Ya ce, "To, gobe kuma ni za ki saka?"

Jama'a, yaya ake tsayar da zumuncin langa kafin ya cinye min miji?