Mai Koriyar Riga a Layin Neman Gafara

Yau muka dawo daga hutun ƙaramar Sallah, kuma kamar kowace shekara, duk ma'aikatan kamfanin ɗinkinmu na birnin Semarang mun yi layi mu nemi gafarar darakta Wiryo, wanda muke kira Pak don girmamawa.

A gabana akwai wata da ban taɓa gani ba. Doguwa ce, sanye da koriyar riga, gyalenta ya zame amma ko a jikinta. Tana cin cincin ɗin abarba a cikin layi! Yatsunta ba kantar allura. Ina jin a gidansu ba a taɓa ce mata ta sunkuyar da kai ba.

Darmi, maƙwabciyar keken ɗinkina, ta zungure ni. "Ke Ratih, rufe bakin mana. Daga reshenmu na garin Kudus da ke nan kusa aka kawo ta, kuma kujerar akawun nan take nema."

Kujerar da nake nema ke nan. Mahaifiyata a kan keken kamfanin nan idonta ya dushe, ba na son in gaje ta.

Layi ya zo kan mai koriyar rigar. Ba ta rusuna ba, ta dubi darakta tana murmushi. "Pak, jiya na zo. A yafe min laifin da ban yi ba tukuna."

Ya kwashe da dariya. "Na yafe na wata guda! Ya sunanki?"

"Nindya, Pak."

Har sau biyu ya maimaita sunan.

Ni kuwa na rusuna, na nemi gafara da ladabi yadda aka koya mini.

"Na yafe, na yafe," in ji shi, yana miƙa wa ta bayana hannu.