Kifayen da Malam Isiyaku Ya Ba Ni Ajiya Zuwa Laraba

Da safen nan ina buɗe shago, ko ƙofa ban gama ɗagewa ba, Sani ya kira ni ya ce Baba ya rasu.

Na ce masa wane Baban? Wallahi haka na tambaye shi, alhali sunansa nake gani a wayata, kuma na san wanda yake kira Baba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mahaifin Sani, Malam Isiyaku, ya amsa kiran Ubangijinsa yau Talata, jim kaɗan bayan ya dawo daga sallar asuba. Da hantsi aka yi masa sallah, mun kai shi makwancinsa mun dawo. Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. In kun ga maganar ta hargitse ku yi min uzuri, kaina ne bai dawo daidai ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ya koyar da mu bayoloji a sakandare a nan Dutse. Asalinsa mutumin Miga ne. Bayan ya yi ritaya sai mutane suka koma kiransa Malam mai kifi, saboda tankin gilashin da ke zaurensa, wanda yake kiwon 'yan ƙananan kifayen ado a ciki.

Yakan ba mu labarin kakansa, wani masunci a fadamar garinsu. Wai farkon shigowar Turawa ƙasar nan, wani Bature ya sa shi ya kamo masa ƙananan kifaye, ba don miya ba, don kawai ya zuba a kwalba ya zauna yana kallo. Har tsohon ya bar duniya, in ana musun ko Bature na da cikakken hankali, wannan ce hujjarsa. Malam in ya kawo nan sai ya nuna ƙirjinsa yana dariya, ya ce to ga jikansa.

Ni ba ɗalibin kirki ba ne a ajinsa. Ina can kujerar baya. Ban taɓa zaton zai tuna da ni ba.

Shekara uku da suka wuce Innarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki. Magana ta ƙi fita sai kalma ɗaya biyu, wuni take a ɗaki tana kallon bango. Na je Kano sayen kayan kemis ɗina, na ga tankin kifi mai cin lita sittin a wani shago, na ce wannan zai ɗebe mata kewa. Na ce wa mai shagon ya ba ni bibbiyu daga kowace kala. Shi ma bai gargaɗe ni ba, ya ƙulla min su a leda.

Ranar farko Inna ta yi murmushi. Ban manta ba.

Kwana huɗu aka fara mutuwa. Kullum da safe sai na tsame ɗaya ko biyu. Ruwan ya yi fari kamar an wanke shinkafa. Wata safiya na shiga na tarar da Inna tana nuna wani da ya kife a saman ruwa da hannunta mai lafiyar, hawaye na zuba. Na ce na shiga uku, na je neman abin da zai faranta mata na kawo mata abin kuka.

Wani maƙwabcina ya ce in nemi Malam. Da kunya na je, na fara gabatar da kaina, ya katse ni. Ya ce ai Kabiru ne na kujerar baya, wanda ya zana zuciyar ɗan adam ta fito kamar gwanda.

A ranar ya biyo ni a tsohon babur ɗinsa. Bai ko kalli tankin ba sai da ya durƙusa ya gaida Inna, ya yi mata ya jiki, ya yi mata addu'a. Sannan ya juya, ya daɗe a tsugune gaban gilashin.

Ya nuna ɗaya ya tambaye ni sunansa. Ban sani ba. Ya tambaye ni in ya girma ina zai kai. Ban sani ba. Ya tambayi me yake ci, nan ma ban sani ba.

Ya ce, "Kabiru, kai da kake sayar da magani, kana haɗa wa mutum ƙwayoyin da ba ka san sunansu ba?"



Nan ya zauna a kan tabarma ya yi min karatun da na ƙi ji a aji. Ya ce jajayen nan masu ƙiba, kifin zinare, ba abokan zaman sauran ba ne, sun fi son ruwa mai sanyi, ga ci ga ɓata ruwa. Masu zanen damisa kuma su ne ke yagar wutsiyar gofi, 'yan ƙananan nan masu baza wutsiya, shi ya sa nake ganin wutsiyoyin kamar tsumma. Anjel, mai faɗin nan da na fi so, ya ce yanzu ne yake salihi, in ya girma duk wanda ya shiga bakinsa abinci ne. 'Yan ƙananan masu layin shuɗi da ja, niyon, ya ce su ba a ajiye su bibbiyu, sai shida zuwa sama, in ba haka ba tsoro kaɗai ya isa ya kashe su.

Ya ce ba girman da kifi yake da shi a shago ake dubawa ba, girman da zai kai ake dubawa. A kuma samu masu yawo a sama, da na tsakiya, da na ƙasa, kowa da wurinsa.

Abin da ya bar min ke nan: niyon shida, gofi uku, namiji ɗaya mata biyu, sai wasu masu gashin baki guda huɗu da ke kiwo a kan tsakuwa, waɗanda yake kira masu shara. Niyon ɗin ma da masu sharar daga nasa tankin ya cike min, kuma ba rana ɗaya ba, kaɗan-kaɗan, sai da aka yi kusan wata. Sha uku cif. Sauran ya kwashe a bokiti ya samar musu gidaje.

Ya ce ko ɗaya kada in ƙara.

Wata biyu yana zuwa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Shi ya koya min zuƙe ruwa da tiyo, kashi ɗaya cikin huɗu kawai, in mayar da wanda ya kwana a bokiti. Shi ya hana ni wanke soson filta, abin tace ruwan tankin, da ruwan famfo. Yana aiki yana yi wa Inna hira, yana nuna mata wannan mafaɗaci ne, wancan rago ne, ga amarya ta kusa haihuwa. Ba ta iya ba shi amsa, amma bai taɓa yin magana a kanta kamar ba ta wurin ba. Da ita yake magana.

Akwai lokacin da na sake zuwa Kano, zuciya ta rinjaye ni na sayo wasu biyu masu kyau na zuba. Malam ya zo, tun daga bakin ƙofa ya tsaya, leɓensa na motsi. Ya gama ya dube ni ya ce, "Sha biyar?" Shi ke nan abin da ya faɗa. Da kaina na ɗauko 'yar komar na tsame su.

Da zafin bazara ya tsananta aka yi kwanaki babu wuta, da rana tsaka ya zo da ɗan famfon iskarsa mai batir ya jona min. Daga baya na ji shi kaɗai gare shi, nasa kifayen da kofi ya yi ta kwarara musu ruwa daga sama don su samu iska.

To wannan mutumin ne ya zo min ranar Asabar ɗin nan bayan la'asar, a adaidaita sahu, da bokiti a tsakanin ƙafafunsa. Na leƙa na ga niyon takwas da masu shara huɗu a ƙulle cikin ledoji. Ya ce in zuba su a tankin Inna.

Na yi dariya, na zaci gwada ni yake. Na ce Malam, dokar fa? Sha uku da sha biyu ai ashirin da biyar ke nan.

Ya ce, "Zuwa Laraba ne kawai. Tankina ne yake yoyo. Ka rage musu abinci, ka riƙa canza ruwa kaɗan kullum, za su kai."

Muka jiƙa ledojin a saman ruwa, muka sake su a hankali yadda ya koya min. Ya zauna wurin Inna ya fi yadda ya saba daɗewa. An kawo masa kunu bai sha ba, ruwa kawai ya kurɓa. Da zai tashi ya ce mata Inna a yafe mu, ita kuma ta gyaɗa kai. Ban ɗauke shi komai ba, dattawa ai sukan faɗa.

A soro ya tsaya ya ce Kabiru, kamar zai faɗi wani abu. Daidai nan aka kira ni daga shago ana tambayar wani maganin tari. Na ɗaga masa hannu alamar minti ɗaya. Ya jira kaɗan, sannan ya ce, "Bari dai, sai Larabar." Ya fita.

Ko bakin titi ban raka shi ba. Ina kan waya ina maganar maganin tari.

Yau a wurin zaman makoki abin ya ƙara ɗaure min kai. Malam Bala tela, wanda shi ma a wurinsa ya koyi kiwon, ya ce ranar Lahadi Malam Isiyaku ya kai masa anjel ɗinsa biyu, ya ce nasa ne ya ba shi. Babu maganar Laraba. Wata malamar firamare ta aiko cewa ita ma ya kai mata masu zanen damisa, kyauta. Kowa ya kai masa irin wanda zai zauna lafiya da nasa, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ni kaɗai ya karya wa doka, ni kaɗai kuma ya ce ajiya ce.

Na tambayi Sani maganar yoyon. Ya ce shi bai taɓa ganin tankin Baba na yoyo ba. Na shiga ciki gaida Hajiya, matar Malam, na tambaye ta ita ma. Ta ce satin da ya wuce ta goge ruwa a ƙarƙashinsa, amma ba ta sani ba ko yoyo ne ko wurin canjin ruwa ya zuba. Sani ya ce kwanakin baya Baba ya je asibiti shi kaɗai, da ya dawo aka tambaye shi ya ce Alhamdulillahi, daga nan bai ƙara ba.

Na tsaya a zauren. Tankin na nan a wanke tas, a bushe. Tsakuwar a shanye a kan buhu. A gefe ga sabon gam na liƙe gilashi, ko buɗe shi ba a yi ba.

Ni dai ban gane ba. In ya ji wani abu a jikinsa, me ya kai shi sayen gam? In gyara kawai zai yi, me ya sa ya kyautar da na sauran? Na ce ko so yake ya sake shirya tankin da masu sanyin hali zalla, shi ya sa ya ba ni ajiyar waɗannan. Na ce ko kuma ya san in ya ce kyauta ce zan tsare shi da tambaya. Duk wanda na kama sai ya kuɓuce min. Abin da ya so faɗa min a soro kuma ya tafi da shi.

Allah ne masani.

Yau da ruɗewa ban canza ruwan ba. Da na dawo gida bayan azahar na ji Inna tana bubbuga gefen gado. Na shiga na tarar da su duk sun taru a sama suna buɗe baki. Na yi sauri na canza, na jona famfon iskar. Sun dawo daidai, amma niyon ɗaya ya mutu. Na ɗora shi a tafin hannuna ina juyawa, na kasa gane ko nawa ne ko na Malam.

Tankin nan ba zai ɗauke su ba, ko ni da ban iya ba na san wannan. Hajiya ta ce kada in mayar, ba za ta iya kallon gilashin nan da ruwa a ciki ba. Ita da Sani sun ce in nema musu inda za su rayu.

Saboda haka in kana cikin waɗanda Malam ya koya wa, a Dutse ko kusa, tankinka ya daɗe da ruwa kuma akwai wuri, ka yi min magana ta inbos. Niyon ɗin tare za su tafi, ba zan raba su ba. Masu sharar ma huɗunsu tare. In kana da anjel ko kifin zinare ka yi haƙuri, ba zan ba ka ba. Zan tambaye ka lita nawa da su wa ke ciki, kada ka ji haushi.

Har yanzu ban faɗa wa Inna ba. Tun shigowata take duban farar rigar da na sa, da ƙasar da ke gefen wandona, sai ta dubi fuskata. Ina gama wannan zan ajiye wayar in shiga wurinta. Ban san ta inda zan fara ba.

Ya Allah, bawanka Isiyaku ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Tausayin da ya nuna wa marar lafiya da 'yan halittun da ba su da bakin godiya, Ka sa ya tarar da shi a mizani. Ka ba Hajiya da Sani da sauran iyalinsa haƙuri, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ya wuce bai yi masa addu'a ba, ko ƙulhuwallahu ƙafa uku ce. Ku sa Innata a ciki, ita ce ba ta ji ba tukuna.