Kwana Uku a Tsibiri Ya Raba Ni da Autata

Ban taɓa yin abin da ya wahalar da ni kamar shirya tafiyar kwana uku ba. Na yi dako, na yi fiɗa a mahauta tun ban kai tsawon tebur ba, na taɓa kwana biyar a bayan motar shanu, duk ba su kai wannan ba. A lokacin ina da shekara arba'in da ɗoriya, mahauci ne ni a babbar kasuwar Garuwa, kan teburin da mahaifina ya bari. Lekol, wato makarantar boko, aji uku na yi na fita, don haka in kun ga rubutuna ya karkace ku yi haƙuri. Matata ɗaya, mun shekara goma sha takwas tare, yaranmu huɗu. Na biyar bai zo da rai ba, kuma daga nan ta yi shiru. Tana girki, tana wanki, in ka yi mata magana ta amsa, amma mutum ba ya cikin gidan. Ni kuwa ban iya lallashi ba. Abin da na iya shi ne in kawo hanta da ƙoda in ajiye, in ce ta ci.

Akwai wani ɗan kudu mai aiki a kamfanin auduga da ke sayen nama a wurina kowace Asabar. Wata rana ya nuna min hotuna a wayarsa, shi da madam ɗinsa a kan yashi, ruwa ta ko'ina, wai wani tsibiri ne a tafkin Lagdo, nan kusa da mu. Na tambaye shi ina yaran, ya ce ai don a guje musu aka je. Ya ce mu Hausawa mun iya ɗaura aure amma ba mu iya zama da mace ba, in gaya masa rabon da in zauna da matata babu yaro a cinyarta. Na ce masa wannan aikin Nasara ne, ya biya kuɗin namansa ya ba ni wuri. Ya tafi yana dariya, ya ce in na shirya in tuna doka ɗaya ce, kada in je da yaro ko na goye. Maganar ta zauna min a rai. Na lissafa, na ga tun haihuwar fari ban taɓa cin abinci da ita mu biyu ba.

Wahalar ta fara daga cewa babu wanda zan iya tambaya. A layinmu na mahauta in aka ji ka kai matarka yawon shan iska, har ka mutu da sunan za a kira ka. Na ce wa mutane zan je duba awaki, na hau mota na je Lagdo ni kaɗai. Na ga wurin, 'yan bukkoki ne na baƙi, da yashi mai laushi, da mata masu soya kifi. Mai kwalekwalen da ya tsallakar da ni ya tambaye ni amarya na yi ne. Da na ce matar da muka shekara goma sha takwas tare ce, ya ajiye filafilinsa ya kalle ni, ya ce to wane laifi na yi mata mai girma haka. Na dawo na shirya da ƙanina ya riƙe min tebur, na ce masa wurin mai magani zan kai matata. Ita kanta sai da na kwana huɗu ina juya maganar kafin na faɗa mata. Ta rufe baki da mayafi, ta tambaye ni lafiyata ƙalau kuwa, me za a ce da mu a unguwa. Na ce ta bar min wannan. Ba ta ce to ba, amma bayan kwana biyu na ga ta fito da atamfarta mai kyau ta shanya.

Sai maganar yara. Maza biyu manya gidan ƙanina, babbar macen wurin kakarta ta wajen uwa. Saura auta, 'yar shekara huɗu, mai surutu kamar rediyo. Matata ta ce mu tafi da ita, ba za ta dame mu ba. Na ce a'a, an ce ba a zuwa da yaro, kuma ni ba zan sa ta a kwalekwale ba. Ta ce to a bar ta wurin kakarta tare da yayarta. Nan ma na ƙi, don na san yarinyar ta ji muna zancen tsibiri, kuma kafin la'asar ta gaya wa duk mai shigowa gidan. Kunyata nake karewa, ba komai ba. Na ce zan kai ta Ngawundere wurin Adda, wato yayata, can babu wanda ya san mu da zai ɗauki zancen yarinya da muhimmanci.

Adda ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifinmu. Tana auren wani dillalin shanu, sun haura shekara ashirin da biyar, Allah bai ba ta haihuwa ba. Sau biyu ta taɓa roƙona in ba ta yaro ta riƙe, sau biyu ina ce mata ta bari in Allah ya kawo wata mace. Irin maganar da ake yi ce don a wuce wurin, ni na manta da ita. Ban kira ta na ce ina zuwa ba, don ban san yadda zan faɗi dalilin a waya ba. Na sauka da yarinya a hannu ɗaya, jakar kayanta a ɗaya hannun, na yi sallama. Adda tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta kalli yarinyar, ta kalli jakar, ta kalle ni. Kafin in buɗe baki ta ture rariya ta faɗi ta yi sujada a ƙasa, da garin a hannunta. Ta ɗago tana kuka, tana cewa ashe ban manta ba, ashe ƙanenta ɗan halak ne.

Wallahi kalma ɗaya ta isa a lokacin. In ce Adda, kwana biyar za ta yi. Amma da na faɗa za ta tambayi ina za mu, ni kuma in dubi matar da ta yi min wanka ina yaro in ce zan kai matata wasa a yashi. Na ce bari ta natsu tukuna. Mijinta ya shigo, ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce abin da na yi ko ɗan'uwansa na jini bai yi masa ba. Na ce bari a ci abinci. Kafin a gama ci maƙwabta sun cika gidan suna barka, wata tsohuwa har da guɗa. Na ce bari a yi sallah. Bayan sallah Adda ta kira mahaifiyarmu a gabana, na ji tsohuwa tana sa min albarka da muryar da ban taɓa ji ta yi min ba. Na hau mota na dawo Garuwa ina gaya wa kaina zan gyara a waya. Matata ta tambaye ni yaya yarinya, na ce tana ta wasa, Adda ta yi murna. Ban yi ƙarya ba, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai wannan ba.

Muka je tsibirin. Abin da ya fi ci min rai shi ne tafiyar ta yi aiki. Ranar farko tana ta jan mayafi tana waige-waige kamar ɓarauniya. Rana ta biyu ta cire takalmi ta sa ƙafa a ruwa, wani ɗan kifi ya taɓa ta, ta yi tsalle ta riƙe rigata tana dariya. Rabona da jin wannan dariyar har na manta irinta. Ta ci kifi biyu ita kaɗai, ta yi min tsiya wai mahauci guda ya kasa cire ƙaya. Ta ba ni labarin yaron da muka rasa, yadda ta ga fuskarsa kafin a ɗauke shi, abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ta tsinci 'yan kwansunan ruwa ta ƙulle a bakin zane, ta ce na auta ne. Ni ina zaune kusa da ita kamar na haɗiyi dutse. Waya ba ta shiga a wurin, na ce ai ko ina so in gyara babu hali, na ji daɗin wannan uzurin.

Ranar dawowa, muna cikin kwalekwale mun kusa gaɓa, wayarta ta yi ƙara. Adda ce. Ina jin muryarta daga inda nake, tana godiya, tana cewa ta san uwa ce ta yi haƙurin ba uba ba, Allah ya saka mata da Aljanna. Na ga fuskar matata tana sauyawa a hankali. Ta kalle ni sau ɗaya. Sai na ji ta ce babu komai Adda, ai 'yarki ce, Allah ya raya mana. Me za ta ce? Bafulatana ce, an tarbiyyantar da ita a kan uwa ba ta nuna zaƙuwa a kan ɗanta a gaban dangin miji. Da bakinta ta rufe ƙofar da na bari a buɗe. Ba ta yi kuka a mota ba. Sai da muka shiga gida ta ce min abu ɗaya, wai ashe da 'yarta na biya don ta jiƙa ƙafa. Na rantse mata kuskure ne, na kwashe yadda aka yi na faɗa. Ta ce da a ce da gangan na yi, da ya fi mata sauƙi, don da ta san da mugu take zaune, yanzu kuwa ba ta san da me take zaune ba.

Bayan mako biyu na koma Ngawundere da niyyar ɗauko ta. Kafin in tafi mahaifiyata ta ji ƙishin-ƙishin, ta kira ni ta ce in na karya zuciyar Adda kada in zo jana'izarta. Duk da haka na tafi. Na tarar an yi wa yarinya kitso, an sa mata 'yan kunne na zinariya, an saya mata gado. Da ta gan ni ta rugo ta riƙe ƙafata, ta tambaye ni mun gama tsibirin ne, yau za mu koma wurin Mama? Adda tana tsaye ta ji. Ba wawiya ba ce, na ga ta gane komai a take. Ta kora yarinyar ɗaki, ta zauna a bakin turmi, ta tambaye ni a hankali ko ɗaukarta na zo yi, in faɗa mata gaskiya, ba za ta hana ni ba. Na buɗe baki na ji kaina ina cewa a'a, dubiya kawai na zo. Ta ce to in na koma in aiko mata da takardar haihuwar yarinyar, za ta sa ta lekol. Na sulale na fita lokacin da aka shiga da ita wanka, don kada ta ga tafiyata.

Yau shekara biyar ke nan. Yarinyar tana lafiya, Adda ba ta rage ta da komai ba, ba zan ɗora mata laifi ba. Tana zuwa mana hutu, ta durƙusa ta gaida uwarta kamar baƙuwa, in ta kwana uku ta fara tambayar yaushe za a mayar da ita gida. Matata tana nan, ba ta yi yaji ba, ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Shirun da na tafi nema wa magani ya dawo, kuma wannan karon ni ne sanadinsa. Ban ce kada mutum ya fita da matarsa ba, ku fita, na ga amfaninsa da idona. Amma in za ku ajiye yaro a gidan kowa, ku faɗi ranar ɗaukarsa tun kuna bakin ƙofa, kafin a shimfiɗa muku tabarma. Kada ku yi wa marar haihuwa alkawarin da ba ku nufa ba, ku kun manta, ita tana ƙirga kwanaki. Kuma ku duba abin da kuke jin kunyarsa. Ni na ji kunyar a ce ina son matata, ban ji kunyar barin 'yata a garin mutane ba.

Ranar da na dawo daga Ngawundere karo na biyu, hannu rabbana, matata tana tsakar gida. Ta leƙa bayana, ta ga babu kowa, ta ci gaba da yanka kuɓewarta. Ni na faɗa mata zancen takardar. Washegari da na dawo daga masallaci na tarar ta ajiye ta a kan tabarmata, tare da ƙullin sauran kayan yarinyar, wankakku a ninke. Na ɗauka na hau moto, wato acaɓa, na je tasha, na rubuta sunan Adda a jikin ƙullin, na ba direban motar Ngawundere. Na tsaya har motar ta cika ta tashi. Daga nan na wuce mahauta, don an riga an kayar da sa ana jirana.