Akwatin Gem da Katakon Sif

Ranakun aiki da yawa sun shige mini duhu, amma ban taɓa mantawa da ranar da Malam Nura ya tsayar da babur ɗinsa a ƙofar shagon nan ba, ya miƙo mini wayarsa tun ba mu gama gaisawa ba. Shekara biyu ke nan, 'yan kwanaki bayan Babbar Sallah. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya kuna yi mini dariya idan kun ga ina sunsunar tsohon katako kamar mai sayen daddawa. To yau ku ji dalili.

Shekarata talatin da ɗaya ina kafinta a Gwarzo. A hannun marigayi Malam Ɗanlami na koya, shi ne mai shagon nan na asali. Shekara biyu na yi ina shara da miƙa ƙusa, uku ina gugar katako, kafin ya yarda in ɗora zarto a kan aikin mutane. Abincinmu kusan duk daga kayan ɗaki yake fitowa, wato gado da sif da madubi da iyayen amarya ke yi mata. Wanda ba ɗan sana'a ba zai zaci maza ne abokan cinikinmu. Ko kusa. Iyaye mata da gwaggonni su ke zaɓar kafinta, su ke gaya wa juna hannun wa ke da kyau, su ne kuma ke binne sunan mutum idan ya ɓata.

Malam Nura malamin lissafi ne a wata sakandare a Kabo. Mutumin kirki ne, sai dai idan abu ya shiga kansa ko Limamin Juma'a ba ya fitar da shi. A wayar tasa wani Bature ne tsaye a garejinsa, gabansa akwati mai tsayin mutum, da allo a sama, da madannai ja da shuɗi, da 'yar sanda kamar giyar mota.

"Malam Isyaku, akwatin gem ne. Irinsa nake so ka haɗa mini."

Ya ce yaransa maza biyu sun koyi zuwa shagon gem na bakin tasha, kuma ba ya son irin bakin da suke dawowa da shi gida. Gara su buga a gabansa. Hujja ce mai kyau, ko da yake na lura idonsa ya fi na yaran ƙyalli.

Na ce masa ban taɓa yin irin wannan ba. Ya ce, "Ni ma ban taɓa ba. Ai shi ya sa za mu koya tare." Wannan "tare" ita ta cinye mini mako biyar.

Komai na arha yake so. Tsohuwar kwamfuta ya karɓo wajen ƙaninsa, allon ma akwai karce a kusurwa, sifiku kuwa daga matacciyar rediyo ya ciro su. Madannan da 'yar sandar kaɗai ya saya a Kano. Saura katako. Da na gaya masa kuɗin sabo, ya dafe kai kamar na ce ya sayi fili. Bayan kwana uku sai ga shi da a-daidaita-sahu cike da faya-fayan katako, an kwance su an ɗaure da igiya.

Ina taɓawa na san maɗaci ne, irin wanda yanzu ko da kuɗinka sai ka sha wahala. Akwai fenti ruwan hoda da ya koɗe, ga madubi a gurbinsa. Da na kai fuskata kusa kuma, turaren wuta ya bugi hancina. Duk kafintan da ya yi wata shida a sana'a ya san wannan ƙamshin. Sif ɗin mace ne.

A nan ya kamata in yi muku bayanin ƙa'idar shagon nan. Kayan ɗaki na mace ne, ba na mijinta ba, ko da a gidansa suke shekara arba'in. Malam Ɗanlami ya hana a sa musu zarto sai an ji daga bakin mai su, ko ta aiko wani nata. Na ga ya mayar da wani Alhaji da gadonsa a kai saboda wannan, Alhajin yana ta kumfar baki.

Na ce, "Malam Nura, wannan na waye?"

"Tsohon kaya ne a sito. Tun da muka koma gidan haya bai shiga ɗakin ba, aka kwance shi. Ƙura kawai yake sha."

Tambaya ta biyu tana bakina: uwargidan ta sani? Ban yi ta ba. Na san ta tafi wankan jego Getso, domin shi da kansa ya gaya mini sun samu ƙaruwa. Amma na gaji da cinikinsa, katakon ya shiga raina, kuma ina so in ga ko hannuna zai iya abin da na Baturen ya yi. Na ce a sauke.

Washegari na yanka gefen farko. Da na juya faifan don in goge bakinsa, sai na ga tsaga uku a ƙasansa. Alamar Malam Ɗanlami ce, duk aikin da ya fita daga shagon nan sai ya yi ta. Gefenta kuma ga ƙaramar tsaga ɗaya, wadda ni nake yi lokacin ina mataimakinsa. Nan take na tuna. Shekara goma sha huɗu kafin nan wasu mata biyu daga Getso, 'yan gidan masu shanu, sun zauna a kan bencin can. Babbar ta ce karsanarta ta sayar, maɗaci take so ba katakon banza ba. "Ɗiyata mace ita kaɗai ce. Ku yi mata wanda zai kai jikoki." Ni na goge shi, ni na ɗora shi a mota.

Na daɗe tsaye da zarto a hannu. A lokacin gefe ɗaya ne kawai ya tafi, kuma da na tsaya da an iya ceto sauran. Sai na ce wa kaina ai bakin alƙalami ya bushe, na ci gaba da yanka.

Aikin kansa kuwa, Allah Ya isa tsakanina da masu ɗora bidiyo a waya. Kullum da la'asar Malam Nura zai taso daga Kabo da sabon Bature da sabon awo. Yau allon ya kwanta kaɗan, gobe ya miƙe. Yau tsayin ya yi wa yara yawa, gobe shi ne zai riƙa sunkuyo. Sau uku ina sake yanka wurin da hannu ke sauka. Ramukan madannai goma sha biyu ne, kuma ba ni da bakin injin huda mai wannan faɗin, don haka sai in huda ƙarami in bi shi da magagari. Uku suka yi faɗi, madannan suna rawa a ciki, sai da na naɗa musu robar tayar keke.

Wayoyin wuta shi ya ce zai haɗa da kansa, tunda shi ne mai boko. Ranar gwajin farko, ka tura sandar hagu ɗan mutumin da ke allo ya ruga dama. Ya rantse haka Baturen ya haɗa. Kwana biyu muna musu kafin ya gano a juye ya ɗaura sandar. Ko haƙuri bai ba ni ba, cewa ya yi, "Ka ga amfanin gwaji ke nan."

Da wannan ya wuce sai zafi. Minti goma sha biyar abin ya ɗauke ɗif, ka sa hannu ciki kamar tanda. Na ce, "Malam, Baturenka da rigar sanyi yake aiki. Nan Gwarzo ce." Na yanka taga a baya, muka ɗaura ƙaramar fanka tana fitar da iskar. Waje na shafe shi da baƙin fenti. Ciki kuwa ya ce a bar shi haka, asarar fenti ce a inda ido ba ya kaiwa.

Ranar wata Asabar bayan azahar muka kai shi Kabo. Gaskiya ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, har wani daɗi na ji da yaran suka yi tsalle. Muka kafa shi a falo, aka kunna, kiɗa ya tashi, uba da 'ya'ya suna ƙwace sanda. Uwargidan, Malama Hadiza, kwananta uku da dawowa, tare da Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifiyarta, wadda ta rako ta. A wurinta ta yi wankan, domin mahaifiyar ta rasu shekara biyu kafin nan. Ina ganin Gwaggon na gane ta. Ita ce ta biyun matan nan da suka zauna a bencina.

Can Hadiza ta shigo da ruwa, jaririya a baya. Muka gaisa, na yi mata barka, ta ce Allah Ya bar zumunci. Ta bi ta bayan akwatin za ta ajiye tiren, sai ta tsaya cak. Injin ya yi kusan rabin awa yana aiki, katakon ya ɗumama, fankar kuwa tana huro iskar cikin kai tsaye.

Ta ce, "Abban Sadiƙu, turaren Inna nake ji."

Ashe mahaifiyarta da hannunta take haɗa turarenta, kuma a cikin sif ɗin Hadiza take ajiye kwalbarsa duk shekarun nan. Ta durƙusa, ta zare 'yar sakatar da na sa a murfin baya, ta buɗe. Ga ruwan hodar nan, ko ɗigon baƙin fenti babu.

Malam Nura ya fara in-ina. "Wallahi dama na yi niyya, idan mun gama ginin gidanmu, in sayo miki sabo, wanda ya fi shi ma..."

Gwaggo Tabawa ta ce, "A wace kasuwar za ka sayo mata hannun uwarta?"

Na so a ce Hadiza ta yi ihu, ko ta zage ni. Da ya fi mini sauƙi. Ta shafa katakon daga ciki, ta daɗe tana shafawa, sannan ta miƙe ta dube ni.

"Baba Isyaku, shi bai san abin da ya ɗauko ba, katako kawai ya gani. Kai fa? Inna ta ce kai ka ɗora shi a mota."

Shekara talatin ina amsa wa mutane magana a kan aiki, ranar gaskiya kawai ta rage mini. Na ce, "Na sani, 'yata. Na gani, na yanka." Kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba, kuma haushin da na yi mako biyar ina ji na Malam Nura duk ya juyo kaina. Ko ruwan ban sha ba na fito.

Abin da ya biyo baya kun gan shi da idonku, dalilin ne ba ku sani ba. Gwaggo Tabawa tana da 'yan mata biyu a dangi da aka riga aka fara maganar kayansu da ni. Ba ta aiko ta ce ta fasa ba, shiru kawai na ji, daga baya na ga kayan a ƙofar wani shagon. Shekara guda cur ba mace ɗaya daga Getso da ta taka nan. Kuna ta cewa kasuwa ce ta mutu, ni kuwa na san inda ta mutu.

Guntayen da suka rage na tattara, na yi ƙaramin akwatin ajiya da su, na sa wa madubin sabon gurbi daga ƙofar da ban yanka ba. Ban shafa musu komai a ciki ba. Da ƙafata na kai Getso wurin Gwaggo, na durƙusa na ba da haƙuri. Bayan mako biyu ta aiko cewa Hadiza ta karɓa, ta ce ta gode. Iyakar saƙon ke nan, kuma ban cancanci fiye da haka ba.

Don haka idan an kawo muku tsohon katako, kafin ku ciro tef ku sunsuna shi. Kafin ku tambayi awo ku tambayi mai shi, kuma idan amsar ta zo da sauri ku sake tambaya. Mai son arha ba mugu ba ne, idonsa ne ke kan abin da zai samu, ba ya ganin abin da zai tafi. Ganin wannan aikin kafinta ne, shi ya sa aka ba ku zarto ba a ba shi ba. Awo idan ya kuskure ana ƙara guntu a rufe da fenti. Wannan kuwa babu guntun da ke rufe shi.

Watannin baya Malam Nura ya biyo ta nan gyaran kujera, na tambaye shi labarin akwatin gem ɗin. Ya ce tun a daren Hadiza ta sa aka shigar da shi ɗakinta, ta ce katakonta ne. Yara suna bugawa bayan Islamiyya, sun daina zuwa tasha. Shi kuwa sai ya nemi izini, kuma ba kullum ake ba shi ba. Na yi dariya, na ce maganinsa ke nan. Shi bai yi dariyar ba. Ya ce, "Malam Isyaku, wani lokacin idan yara suna makaranta takan kunna shi, ba mai bugawa. Sai ta kashe sautin, ta shimfiɗa tabarma a bayansa, ta zauna inda fankar ke hurowa."