Hambali Mai Kiwon Karfasa

Hambali ɗan Hamman bai taɓa sa kifi a bakinsa ba tun da aka haife shi har ya koma ga Mahaliccinsa, amma a ƙauyukan da ke kewaye da Waca babu wanda aka sani da kifi kamarsa. Bafillace ne, irin Fulanin da suka daɗe da zama wuri ɗaya, suna noman gero suna kiwo. Rugarsu tana gefen wani tafki da ake kira Ruwan Goriba, wanda ba ya ƙafewa ko da rani ya yi tsanani. Dogo ne siriri, maganarsa kaɗan, taurin kansa da yawa. Idan ya ce abu kaza ne, to sai dai abin ya sake hali, shi ba zai sake magana ba.

Tun yana ƙarami ya iya shanu. Ubansa ya koya masa abu ɗaya da ya riƙe kamar karatun sallah, wato dabba ba ta jin sanyi da cikakken ciki. Saboda haka da ɗari ya shigo, lokacin da makiyaya ke ƙudundune a bakin wuta, shi yana can yana ƙara wa shanunsa harawa da 'ya'yan gawo da dusa mai ɗan kanwa. Shanunsa kan fita daga sanyi da tozo a tsaye, kowa ya shaida. Sai dai iya kiwo ba ya hana annoba. Wata shekara ciwon bushiya ya ratsa ƙasar Magarya, ya shiga garken Hambali ya yi masa shara. Abin da ya rage masa karsana ɗaya ce ja, ita ma ba tasa ba ce, ta matarsa Fadi ce, wadda ubanta ya ba ta ranar da za ta tare. Maƙwabta suka laƙa wa karsanar suna Auta. Muddin tana ɗaure a turke, gidan Hambali gidan masu shanu ne. In ta tafi, ya zama manomi kawai mai baƙin sanda a kafaɗa.

A shekarun da mulkin Faransa ya kusa naɗe tabarmarsa, wata rana a ƙarshen damina kamyo, wato babbar motar kaya, ya taso daga Magarya ya tsaya a bakin Ruwan Goriba. Ma'aikatan kula da ruwa da daji ne, da wani Bature da ya sha rana har ya yi ja. Suka sauke tano, irin babbar gangar nan ta ƙarfe, cike da ruwa, suka juye shi a tafkin, sai ga 'ya'yan karfasa ƙanana, kowannensu bai wuce ɗan yatsa ba. Suka gaya wa mai gari Mainassara cewa a nemo wanda zai tsare su, ya hana jefa koma har su girma, ya riƙa zuba musu dusa da tunkuza, wato abin da ke ragewa in mata sun matse man gyaɗa. Idan an yi su, wato an kama kifin, mai tsaron yana da kasonsa. Suka hau kamyonsu suka tafi. Ba su ce komai a kan sanyi ko zafi ba, kuma babu wanda ya tambaye su.

Lokacin kowa hankalinsa yana kan cirar gyaɗa, don haka mai gari ya duba wanda ba shi da abin kiwo kuma ya iya kiwo, ya kira Hambali. Gari ya ɗauka. Aka ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. 'Yan uwansa Fulani kuwa suka riƙa tambayarsa ko da asuba yake tatsa ko da hantsi. Bai kula su ba. Lissafinsa mai sauƙi ne: kasonsa na kifi zai saya wa Auta abokiyar zama, daga biyu kuma garke ke farawa.

Ya yi kiwon kamar yadda ya san kiwo. Kowace safiya matan gari su tara masa dusa, ya ɗauka a ƙwarya ya je ya tsaya a kan wani kututturen goriba da ya faɗi a gaɓa. Ya ƙwanƙwasa ƙwaryar da sandarsa, ya yi irin kiran da yake yi wa shanu, sannan ya watsa. Ruwan kaka yana da ɗumi, kifin kuma suna cikin ganiyar ci. Kafin wata ya zagayo sun gane ƙarar ƙwarya, da sun ji sai saman ruwa ya ɗauki tafasa. Hambali ya so su, so na gaskiya, ko da yake da za a yanka shi ba zai amsa ba. Abu ɗaya ne bai yi ba, bai taɓa tsoma ƙafarsa a tafkin ba. A ganinsa shiga ruwa aikin masunta ne, makiyayi daga tudu yake duba dabbarsa.

Da ɗari ya kankama, sai ya ƙwanƙwasa ƙwarya shiru, ya yi kira shiru. Dusa ta yi ta yawo a sama, ta jiƙe ta nutse. Ya tsaya yana kallo, haƙoransa na haɗuwa saboda sanyi, cikinsa na kiran ciroma, ya ce a ransa ai ga amsar nan a jikinsa. Shi da ke sanye da riga da mayafi yana jin yunwa haka, ina ga wanda ya kwana tsirara a cikin ruwa? Sanyi ne ya kashe musu jiki har ba sa iya tasowa, maganinsa kuwa ubansa ya riga ya faɗa. Ya ƙudura zai ninka musu abinci.

To, daidai lokacin ne matan gari suka janye hannu, domin ciyawa ta bushe, kowace tana tattalin dusarta saboda awakinta. Dusar da ta rage a hannunsa ita ce ta gidansa, wadda Fadi ke tarawa daga surfe tana dama wa Auta da kanwa. Auta kuwa ta ɗauki ciki na fari. Ranar da ya fara ɗibar dusar, Fadi tana tsugune tana wanke ƙore, ta ɗago ta ce, "Maigida, wannan ta Auta ce."

Ya ce, "Ita tana da baki tana da ƙafa, ta je ta nema. Su fa, ina za su je?"

Fadi ta ci gaba da wankin ƙorenta. Ta shiga fita da sassafe tsintar 'ya'yan gawo, amma gawon gari ɗaya ne, awakin gari kuma ba su ƙirguwa. Wata rana ta je ɗibar ruwa kusa da kututturen, ta ga dusa kwance a ƙasan ruwa kamar an shimfiɗa tabarma, ta dawo ta gaya masa cewa kifinsa ba sa ci, kuma wurin ya fara tsami. Ya amsa mata cewa saniya ma ba a gaban mutane take tuƙa ba, in wuri ya yi shiru za su sauka su cinye. Ya faɗi haka da cikakken yaƙini, irin na mutumin da bai taɓa kuskure a kan dabba ba. Haka aka ci sanyin nan kaf, ƙwarya na fita cike tana dawowa wayam, haƙarƙarin Auta kuma na fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Bazara ta zo da zafinta. Tafkin ya ja baya ya bar laka, ruwan ya yi kore, daga baya ya koma kalar ruwan jima. Sai ga kifin sun dawo sama, musamman da sassafe, sun jeru bakuna a buɗe suna haɗiyar iska. Hambali ya ga bakuna a buɗe, ya tuna 'yan maruƙa idan an makara da tatsa, farin ciki ya kama shi. Ya koma gida ya gaya wa Fadi cewa ga shi nan, sun tashi da yunwa kamar yadda ya faɗa. Ya karɓo tunkuza wurin masu ƙuli ya ƙara a kan dusar.

Aka yi wani yini na hadari marar ruwa, iska ta tsaya cak, ko ganyen goriba ba ya motsi. Washegari ya iso da ƙwaryarsa ya tarar tafkin ya yi fari. Karfasa ne, manya kamar tafin hannu, sun juya ciki sama tun daga gaɓa har tsakiya, shirwa na shawagi a kansu. Ya tsaya a kan kututturen da ƙwarya a hannu, bai ajiye ba, bai watsa ba.

A haka Ɗalha ya same shi. Ɗalha Babarbare ne mai fataucin bandar kifi, yakan biyo ta nan da jakinsa duk ranar kasuwar Waca, kuma bai taɓa wucewa bai tsokani Hambali ba, da yake Barebari da Fulani abokan wasa ne. Ya taho da tsiyarsa a baki, da ya ga ruwan sai ya haɗiye ta. Ya naɗe wando ya shiga har gwiwa, ya sa hannu ya damƙo ƙasan tafkin. Abin da ya fito da shi baƙi ne ƙirin, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, da ɓurɓushin dusa a ciki.

Ya ce, "Bafillace, tun yaushe kake zuba wannan?"

Hambali ya ce tun farkon sanyi, kuma da sanyin ya yi tsanani ya ninka.

Ɗalha ya yi masa bayani ba tare da wasa ba. Ya ce kifi ba saniya ba ne, jikinsa ba shi da ɗumin kansa, ɗumin ruwa shi ne nasa. In ruwa ya yi sanyi cikinsa kwanciya yake yi, ko me ka ba shi ba zai taɓa ba. Duk abin da aka zuba da ɗari yana nan kwance yana jiran zafi, da zafi ya zo ya ruɓe ya shaƙe ruwan. Ya ɗauraye hannunsa ya ƙara da cewa, "Buɗe bakin da ka gani ba yunwa ba ce. Numfashi suke nema."

Hambali ya sauko daga kan kututturen. Ya juya da ƙwaryarsa cike, karo na farko, ya kai ta gaban Auta. Ta sunsuna ta ci kaɗan. Amma abin da aka hana dabba wata da watanni ba a rama mata shi a kwana biyu. Kafin ruwan farko ya sauka ta haihu, ta sami 'yar maraƙa mace, ita kuma ta kasa tashi. Aka ɗaga ta da itace, ta sake zubewa. Da aka ga za ta tafi a banza sai aka kira mahauci. Fadi ta shige ɗaki ta saki labulen asabari har aka gama, Hambali kuwa shi ya riƙe ƙafafun, don ya ga bai cancanci ya kau da kai ba. Mutanen gari suka ce garin neman ƙiba ya samo rama, kuma ba su yi ƙarya ba. Baƙin cikinsa bai tsaya a kan saniyar ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne tun farko an gaya masa, a cikin gidansa, kuma da bakin mai saniyar.

Fadi ta raini marainiyar da nonon akuya da ruwan kunu, tana kwantar da ita a ɗakinta. Ba ta yi yaji ba, ba ta kai ƙara wurin kowa ba, ba ta kuma sake ambaton Auta ba. Ma'aikatan suka zo sau ɗaya, suka leƙa ruwan suka kaɗa kai suka koma, ba a daɗe ba ma mulkin ya sake hannu. Kowa ya zaci Hambali ya gama da kifi. Amma da damina ta cika tafkin ta wanke shi, sai aka ga 'yan tsirarun da suka tsira sun hayayyafa, aka kuma ga Hambali a kan kututturensa.

Ya yi sauran rayuwarsa a bakin ruwan nan. Ya koyi ciyarwa sosai da kaka, ya rage in bazara ta tsananta, ya ɗauke hannu in ya ga bakuna a sama. Garke irin na ubansa bai dawo ba, amma ya mutu ya bar shanu 'yan kaɗan a turke, dukansu jajaye, dukansu jikokin Auta. Waɗanda suka san shi da tsufa suna tuna wani dogon tsoho tsaye cikin ruwa zuwa ƙwauri da sassafe, ƙwarya a kafaɗa, ya yi tsit kamar mai sauraron wani abu.

Ranar da ya fara shiga ruwan ita ce safiyar farko ta ɗarin da ya biyo bayan mutuwar Auta. Ya tuɓe takalmansa a kan kututturen, ya sa ƙafa don ya ji abin da kifin ke ji, sanyin ya soke shi har ƙashi. Ya jefa dusa cikin tafin hannu ɗaya ya jira, babu abin da ya taso. Ya fito ya kama hanyar gida da ƙwaryarsa cike, ya durƙusa ya ajiye ta gaban 'yar maraƙar, ta sa baki. Fadi tana bakin turmi. Ta dubi ƙwaryar, ta dubi ƙafafunsa da suka jiƙe har gwiwa, laka ta manne a yatsu.

Ta ce, "Ashe ruwan bai da zurfi."

Ya ce, "Bai da."

Ta ce, "Bara ma haka yake."

Ta ɗaga taɓarya ta ci gaba da surfenta, shi kuma ya zauna riƙe da ƙwaryar har maraƙar ta lashe ta tas.