Keken ɗinkin da Gwaggo ta ƙi karɓa

Jiya ina laɓe a bayan ƙyaure da littafin soyayyata, na ji wani ɗan siyasar unguwarmu yana yi wa Gwaggo Hure albishir: gwamnati za ta ba ta keken ɗinki.

Daɗi ya kama ni. Ai Gwaggo tana da nata, ke nan sabon nawa ne! Har na hango kaina ina ɗinka kayan amare.

Sai na ji ta ce, "Ɗan nan, na gode, ba na so. Na bara duk a kasuwa suka ƙare, kuma da harajinmu aka saya."

"Haba Hajiya, kyauta ce fa!"

"To ku yi mini wata kyautar. Ku daina tashin rumfata, ku bar ni da sana'ata. Ni zan ciyar da gidana."

Na so in yi kuka, amma wallahi ta burge ni.

Da ta shigo ta gan ni, sai ta yi dariya. "Ke sarkin mafarki, ajiye littafin nan, zo ki taka tsohon."

Yau na kalmashe bakin ɗankwalina da kaina, duk a karkace. Da ku ne, za ku karɓa?